Mutuwar Mai Kama Kada da Abin da Yara Suka Ji Muna Faɗa

Ranar 4 ga Satumba, 2006, Steve Irwin ya rasu a teku, daura da gaɓar jihar Kwinsland a arewa maso gabashin Ostireliya, yana da shekara 44. Ko wanda bai riƙe sunan ba, mai yiwuwa ya taɓa ganinsa a tele ko a waya: Baturen nan mai gajeren wando da riga ruwan ƙasa, wanda zai daka tsalle ya faɗa bayan kada, ko ya ɗago maciji ta wutsiya yana washe baki yana yi wa kyamara bayani. Shekaru sun ja, amma bidiyoyinsa ba su tsufa ba. Na sha ganinsu a wayoyin ɗalibaina a nan Maraɗi, yaran da ba a ma haife su ba lokacin da ya mutu. Mutuwa dai rigar kowa ce. Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne maganganun da suka biyo bayanta, a can ƙasarsu da nan wajenmu, domin duk abin da babba ya faɗa a kan mamaci irin wannan, akwai yaro a gefe yana saurare.

Irwin gadon sana'ar ya yi. Iyayensa sun buɗe wani ɗan gidan ajiye macizai da kadoji a garin Beerwah a 1970, a cikinsa ya tashi. Yana ɗan shekara 6 aka ba shi kyautar mesa, yana da 9 ya kama kadansa na farko, mahaifinsa na tsaye a kansa. Ya karɓi ragamar gidan a 1991, wanda daga baya aka sa masa suna Australia Zoo. Daga 1996 shirinsa na talabijin, The Crocodile Hunter, ya bazu a duniya. Duk da sunan shirin na nufin mafaraucin kada, ba kashe kada yake yi ba. Kama shi yake yi daga inda ya zama barazana ga mutane, ya kai shi inda ba za a harbe shi ba.

Abin mamaki, ba kada ne ajalinsa ba, ba kuma maciji ba. Wani kifi ne mai faɗi kamar faifai, mai ƙaya a wutsiya. Yana da dangi a kogin Binuwai, wanda masunta ke kira kunamar ruwa. Kifi ne da ba ya neman kowa da faɗa, kuma da wuya ƙwarai a ji ya kashe mutum. A ranar yanayi ya hana su babban aikin da suka fito yi, sai Irwin ya shiga ruwa marar zurfi don ya ɗauko wa shirin 'yarsa Bindi wasu hotuna. Ya bi ta saman kifin, kifin ya tsorata ya ɗaga wutsiya, ƙayar ta huda masa ƙirji ta sami zuciya.

Da labari ya fita, mutane suka rarrabu. Mafi yawa kuka suka yi. Aka jibge furanni a ƙofar gidan namun dajinsa. Gwamnatin jiha ta yi tayin yi masa jana'izar ban-girma, mahaifinsa ya ƙi, ya ce ɗansa mutum ne kamar kowa. A taron tunawa da shi ranar 20 ga Satumba, Firaminista John Howard ya yi jawabi, Bindi mai shekara 8 ita ma ta tsaya gaban dubban mutane ta yi magana a kan babanta.

Wasu kuma suka ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Marubuciyar nan 'yar Ostireliya, Germaine Greer, ta rubuta a jaridar Guardian ta Ingila, gawa ko sanyi ba ta yi ba, cewa dabbobi ne suka rama abin da ya daɗe yana yi musu. Jama'a suka yi mata ca. Masu irin ra'ayinta suna da abin kafa hujja: a Janairun 2004 Irwin ya shiga shingen wani kada mai kusan mita huɗu, hannu ɗaya riƙe da kaza yana miƙa wa kadan, ɗaya hannun rungume da jaririnsa ɗan wata ɗaya, 'yan kallo na tafi. Surutun da aka yi ya kai hukumomin jihar suka tsaurara dokar shiga wurin kadoji. Wannan gardama ba ta mutu ba. A 22 ga Fabrairu, 2019, da Google ya karrama shi a ranar haihuwarsa, ƙungiyar kare dabbobi ta PETA ta fito ta ce ya mutu ne yana takura wa dabba, aka sake sabon cacar baki.

Sai kuma waɗanda suka huce a kan kifin. A makonnin da suka biyo baya an tsinci irin wannan kifi wajen goma a gaɓar Kwinsland, matattu, an yanke musu wutsiya. Abokan aikin Irwin suka fito suka roƙi jama'a su daina, suka ce babu abin da zai fi baƙanta wa mamacin rai kamar wannan.

Duk wannan bai zame mini baƙon abu ba, domin mu ma muna da namu Irwin ɗin tun kafin tele ta zo. Gardi ke nan. Wanda ya tashi a Maraɗi ko Tsibiri ya san yadda kasuwa ke watsewa ta sake haɗuwa wuri ɗaya idan aka ji kiɗan gardawa: ga mai bante da layu da guraye, ga ƙwarya ko akwati cike da macizai, wani lokaci ga kura da takunkumi da sarƙa, ga biri sanye da riga. Ina yaro, idan muka je gidan kakannina a Tsibiri, babu abin da muke ɗoki kamar wannan. Gardi zai sa kan kumurci a baki, ya rataya mesa a wuya, sannan ya buɗe jaka ya fara tallar maganin sara. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya bi wata tawagar 'yan wasa da kura a Najeriya a 2005 da 2007, hotunan suka zaga duniya. A cikinsu har da wata ƙaramar yarinya tare da kura. Da yawa daga Turawan da suka gani tausayin kurar ya fara kama su, kafin su tambayi abin da ya sa magidanci ke ciyar da iyalinsa ta wannan hanya. Mu kuwa da muka saba gani, ba mu cika tambayar ko ɗaya ba.

Hausawa sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Karin maganar ta ambaci mutum biyu, ta bar na uku, wato mu da ke zagaye da fili muna jefa dala-dala. Gardi ba zai sa kan maciji a baki ba in babu mai kallo. Tashar talabijin ba za ta sayi shirin da mutum ya tsaya nesa da kada yana bayani da kuɗin da za ta sayi wanda ya hau bayansa ba. A ƙarshen Satumbar 2024, zaki ya kashe mai kula da shi, wani ɗan asalin Bauchi, a gidan namun dajin da ke ɗakin karatu na Obasanjo a Abeokuta, yana cikin nuna wa baƙi yadda ake ba shi abinci. Aka harbe zakin. Baƙin suka koma gida. Idan irin wannan ya faru, mu 'yan kallo mu ne kan fara cewa shi ya ja wa kansa, alhali jiya mu ne muke cewa a ƙara matsawa kusa.

Na ga yadda abin ke sauka a kan yaro da idona. Shekarun baya ina koyarwa a wani ƙauye da ke gefen lambunan Jiratawa, inda ake noman rani da ruwan rijiyoyi da magudanai a kwarin Gulbin Maraɗi. Wurin akwai damshi da ciyawa da ɓeraye, saboda haka akwai macizai. Wani yaro ɗan ajin ƙarshe na firamare, mai kaifin kai, wansa ya saya masa kambu a hannun wani gardi ranar kasuwa. Wata yamma suna kwasar zogale, suka ɗaga tarin kara suka ga kububuwa. Sauran suka watse, shi ya tsaya, ya miƙa hannu zai kama ta kamar yadda ya ga an yi. Ta sare shi a yatsa. A gida aka ɗaure hannun da roba tamau, aka tsaga wurin da reza, aka manna baƙin dutse. Sai washegari, da aka ga jini na tsattsafowa daga dasashinsa, aka ɗora shi a babur zuwa Maraɗi. Allah Ya yi da sauran kwanansa. Ya rayu, amma yatsan ya ƙandare, mahaifinsa kuma ya rabu da awaki biyu da buhun gero kafin a sallame su.

Da na je dubiya na zauna a zaure na ji abin da ake faɗa. Wani ya ce yaron nan zai yi zuciya, namiji ne. Wata tsohuwa ta ce maganinsa ke nan, gobe ma ya ƙara. Wani ya ce kambun ne aka karya masa, ƙila ya ci abin da aka hana. Abokansa kuwa suka kwana uku suna bin gefen magudanai da sanduna, duk abin da ya yi motsi, ƙadangare ne ko damo ko macijin da ba ya da dafi, sai sun ga bayansa. Na ce wa mahaifin, “Baba, da an kawo shi tun daren, da yatsan bai tafi ba.” Ya ce, “Malam, tsautsayi ba ya wuce ranarsa.” Ban musa masa ba, gaskiya ya faɗa. Sai dai malamanmu sun koya mana cewa ana ɗaure raƙumi ne sannan a yi tawakkali, kuma yarda da ƙaddara ba ta taɓa hana neman likita ba.

A cikin duk masu maganar nan babu wanda ya gaya wa yaran abin da ido ba ya gani a filin wasa. Da yawa daga macizan gardawa an cire musu haƙoran dafi, wasu an ɗinke musu baki. Haƙoran nan kuma suna sake tsirowa, shi ya sa gardi ma kan gamu da ranarsa. Kurar da ake ja a titi tana da takunkumi, kuma akwai ƙato riƙe da kulki a bayanta. Haka tele take. Minti ɗaya da yaro ya gani a waya, an tace shi ne daga aikin kwanaki. Bayan kyamara akwai mutane da igiyoyi, akwai jirgin ruwa, akwai rediyon kiran agaji. Shi kansa mutumin ya yi shekara fiye da talatin yana karantar motsin kada. Duk da haka, ranar da abin ya zo, babu ɗaya da ya hana. Yaronmu da ke gefen lambu ba ya da ko ɗaya cikin waɗannan, abin da yake da shi kawai shi ne hoton da ya gani.

Kuma a wajenmu kuskure yana da tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe mutum tsakanin 81,000 zuwa 138,000 a duniya kowace shekara, kuma a 2017 ta saka shi cikin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci. Waɗanda abin ya fi shafa manoma ne da makiyaya da 'ya'yansu. Kububuwa, duk da ƙanƙantarta, tana cikin macizan da suka fi kisa a yankinmu na Afirka ta Yamma. Dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum zai ga kamar ya samu sauƙi, bayan sa'o'i ko kwana sai jini ya ɓalle ta dasashi, ta fitsari, ko ta cikin jiki inda ba a gani. Maganinta allurar kashe dafi ce, wadda ba kowane ɗakin shan magani na ƙauye ke da ita ba, kuma kuɗinta kan fi ƙarfin talaka.

To, idan haka ne, me ya hana mu bi bayan Greer mu ce wa yara mutumin nan ɗan ganganci ne, a wuce wurin? Na gwada tunanin haka, na ga asarar da ke ciki. Wata rana a aji, muna darasin dabbobi masu jan ciki, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, “Mushe, Baturen nan da kifi ya kashe, ni a wurinsa na fara jin cewa kada uwa ce, tana gadin ƙwanta, tana ɗaukar 'ya'yanta a baki ta kai su ruwa.” Wannan yana cikin littafin da na shekara ina koyarwa, amma ba daga wurina ta riƙe shi ba. Irwin ya sa miliyoyin yara sun kalli halittar da ake ƙyama sun ga abin sha'awa. Ya zuba kuɗinsa wajen sayen daji don a bar wa namun cikinsa, ya kafa gidauniyar da ake kira Wildlife Warriors a 2002, kuma bayan rasuwarsa an keɓe wani yanki mai faɗin hekta 135,000 a arewacin Kwinsland da sunansa.

Mu kuwa muna da buƙatar wannan darasi. Gwarzon da muka fi sani a zancen maciji shi ne Bayajida, wanda ya sare kan macijin rijiyar Kusugu a Daura. Yaronmu ya tashi da cewa duk abin da ke ja da ciki ko ke fita da dare abokin gaba ne: hawainiya a jefe ta, mujiya a kashe ta don mayya ce, bushiya a gasa. Wanda ya kai shekara arba'in ya tuna yadda ungulu ke cika mahauta da bakin kasuwa. Yau sai ka yi wata ba ka ga ɗaya ba, kuma tun 2015 an saka irin ungulun garuruwanmu cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Macijin da aka kashe a lambu, shi ne ke rage ɓeran da ke cin amfanin gona. A jiharmu ta Maraɗi akwai gandun dajin Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955. Raƙuman dawa sun ɓace daga cikinsa kusan shekara hamsin, sai a Nuwambar 2018 aka ɗauko takwas daga yankin Kure, kusa da Yamai, aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su aka mayar. Ɗalibaina nawa suka san da wannan? Sun san kadojin Ostireliya, ba su san raƙuman dawan da ke arewacin jiharsu ba.

Saboda haka ni a ganina, yabo zalla cuta ne ga yaro, domin zai ɗauka taɓa haɗari shi ne jarunta. Zagi zalla ma cuta ne, domin zai zubar da ilimin tare da gangancin, kuma zai koyi cewa ana yi wa mamaci dariya alhali ga marayunsa a tsaye. Aikin da ke kanmu, iyaye da malamai, shi ne mu raba wa yaro abu biyu da allo ya cakuɗa masa: sanin dabba da wasa da dabba. Na farkon ana koyonsa da ido da haƙuri da tazara. Na biyun sana'a ce ta neman kuɗi, mai ita ya san abin da ya saya, kuma wani lokaci da ransa yake biya.

Wannan ba ya buƙatar kayan aiki. Idan ɗanka ya nuna maka irin wannan bidiyo, kada ka fizge wayar, kada kuma ka ce kai, namiji. Zauna ku kalla tare. Tambaye shi wa ke riƙe da kyamarar, mutum nawa ne ba a nuna ba, ina asibiti mafi kusa, me dabbar take ji a lokacin. Idan ya tambayi yadda mutumin ya ƙare, gaya masa gaskiya ba tare da izgili ba: gwani ne, ya so dabbobi, ya matsa kusa fiye da kima, ya bar mata da 'ya'ya biyu ƙanana.

A lakwal kuma, musamman a ƙauyukan kwarin gulbi, daga Tsibiri zuwa Jiratawa har Madarunfa, rabin sa'a ta isa a koya wa aji abin da zai ceci rai. In ka ga maciji, ja da baya ka ba shi hanya. Kada ka sa hannu a rami ko ƙarƙashin tarin kara ba ka duba da sanda ba. Ka sa takalmi rufaffe a lambu, ka riƙe fitila da dare. In an yi sara, a cire zobe da munduwa, a kwantar da mutum, a hana gaɓar motsi, a nufi asibiti nan take ko da ya ce ba ya jin komai. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaurewa tamau, kuma baƙin dutse ba ya zuƙe dafi. In maciji ya tofa dafi a ido, a wanke da ruwa mai yawa kafin a tafi. Laya da kambu kuwa, a faɗa wa yaro ƙarara cewa ba su taɓa hana haƙori shiga fata ba.

Saura abu ɗaya, shi ne bakinmu. Ba sai mai kama kada ba: ko ɗan kabu-kabu ne ya yi wasa da babur ya faɗi, ko saurayi ya shiga gulbi da damina ruwa ya tafi da shi, maganar da muke yi a zaure da wajen zaman makoki ita ce karatun farko da yara ke ɗauka. Ana iya yi wa mamaci addu'a, a tausaya wa iyalinsa, a kuma faɗi kuskurensa a fili don na baya su kiyaye, duk a zama ɗaya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, amma sai an nuna wa yaro abin da zai gani. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba mu ikon yi musu tarbiyya ta gari.